Farar riga mai nauyi: me ke sa ƴan lakwal ɗin lafiya tunanin ajiye karatu?

A unguwarmu akwai wata mata mai sayar da kayan miya a babbar kasuwar Maraɗi. Bara waccan, ranar da ɗiyarta ta samu shiga lakwal ɗin lafiya, har goro ta raba wa maƙwabtan rumfa. Ta sayi yadin farar riga ta kai wa tela da kanta, kuma tun daga ranar matan layinsu suka daina kiranta da sunanta, sai dai uwar likita. Bana, ana tsakiyar shekara ta 2, yarinyar ta dawo gida da magariba, ta ninke farar rigar ta sa ƙarƙashin katifa, ta shaida wa uwar ba za ta koma ba. Uwar ta yi faɗa, ta yi kuka, ta lissafa mata jikkunan da aka kashe, amma yarinya ba ta ce komai ba.

Wannan labari ba baƙo ba ne a kasuwar Dole ta Damagaram, ko kasuwar Tawa, ko Katako da Wadata a Yamai. Ƴan kasuwa da dama ne ke biyan kuɗin waɗannan makarantu daga cikin ribar yau da gobe, saboda haka idan yaro ya ajiye karatu, jarin gida ne ya nutse. Shi ya sa muka ga ya dace mu duba abin da ke kai yaro ga wannan tunani. Abin da muka lura shi ne ba a kwana ɗaya yake zuwa ba, kuma ba kasafai lalaci ke kawo shi ba. Akwai wasu mararraba sanannu inda ƙafar yaro ke sanyi, kuma uwa ko uban da ya san su yana iya tarar abin tun da wuri.

Ƙofofin shiga aikin lafiya

A Nijar, wanda ya samu Bepese yana iya yin shekara 3 ya fito ƙaramin ma'aikacin lafiya, waɗanda ake kira ASB. Wanda ya samu Bak yana iya yin shekara 3 ya fito ma'aikacin jinya, wato anfirmiye, ko ungozomar asibiti, wato sajfam, ko ma'aikacin ɗakin awon jini. Karatun cikakken likita kuwa a jami'a ake yin sa, yana cin shekara 7 zuwa 8, a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ko ta Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, ko ta Andire Salifu ta Damagaram.

Gwamnati na da manyan makarantun lafiya da ake kira ENSP, ɗaya a Damagaram, ɗaya a Yamai. Ta Yamai tana ɗauke da sunan Damure Zika, wanda ya rasu a 2009, ma'aikacin jinyar nan da ya yi suna a finafinan Jean Rouch. Bayan su akwai makarantu masu zaman kansu da suka yawaita a manyan garuruwa, kuma can ne akasarin ɗiyan ƴan kasuwa suke. A ƙarshen karatu, ɗaliban makarantun gwamnati da na kuɗi duka jarrabawa ɗaya ta ƙasa suke zama kafin a ba su takardar shaidar aiki. Ke nan shekara 3 ce cur ta biya da wahala, kuma wanda ya sauka a tsakiya babu takardar da zai nuna.

Kuɗin da ake gani da wanda ba a gani

Mararraba ta farko ita ce kuɗi. Iyaye kan tambayi kuɗin shekara, su ji ɗaruruwan jikkuna ne amma ana biya kashi-kashi, su ce da yardar Allah za a iya. Abin da ba a faɗa musu ranar rajista shi ne ƙananan kuɗaɗen da ke biyo baya: farar riga da takalmi, abin awon hawan jini, abin awon zafin jiki, safar hannu, fotokopin darussa kusan kowane mako, kuɗin kabu-kabu zuwa asibiti safe da yamma, kuɗin jarrabawa, sannan a shekarar ƙarshe kuɗin buga takardar bincike. Idan yaron daga ƙauye ya zo, sai a ƙara hayar ɗaki da cefane. Kowane ɗaya ƙarami ne, amma kowace ƴar kasuwa ta san da dala-dala tulu ke zurarewa.

Kuma ribar kasuwa ba albashi ba ce. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, ƴan kasuwar Maraɗi da Ƙonni da Magarya sun ji a jikinsu. Bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli na 2023 takunkumin Sedeyawo ya sake rufe hanyoyi har zuwa Fabrairu na 2024, a daidai lokacin da darajar naira ke faɗuwa, masu kai dabbobi da wake ƙetare suna dawowa da asara. Makaranta kuwa ba ta san da rufe iyaka ba, ranar biya ranar biya ce. A wasu makarantun, wanda bai cika kashi na biyu ba akan hana shi shiga ɗakin jarrabawa, a gaban ƴan ajinsu. Yaro mai shekara 19 da aka kira sunansa cikin masu bashi sau 2, sau 3, ba ya zuwa gida ya ce an kore ni saboda kuɗi, don yana ganin halin da uwarsa take ciki. Sai ya ce shi karatun ne ya fita ransa. Waɗanda ke da bursu ma ba su tsira ba, domin idan kuɗin ya yi jinkiri, mai ɗaki da mai tuwo ba sa jira.

Ranar da aka fara ganin jini

Mararraba ta biyu ita ce koyon aiki a asibiti, abin da ƴan lakwal ke kira sitaj. A cikin aji, ciwo zane ne a kan allo. A asibiti kuwa mutum ne mai nishi, da wari, da dangi tsaye a kansa. Yarinyar da ba ta taɓa ganin gawa ba za ta iya ganin mace ta rasu wajen haihuwa a makonta na farko a matanite, jini ya ƙi tsayawa, ita ce kuma za a ce ta wanke gadon. A watannin Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin sauro ke kan ganiyarsa, ɗakunan yara kan cika har a kwantar da yaro 2 ko 3 a gado ɗaya. Mai koyo na ganin wannan duka, ya koma gida ya kasa cin tuwo, babu kuma wanda zai tambaye shi me ya gani yau.

Akwai kuma tsoron ɗaukar cuta. Allurar da aka yi wa maras lafiya tana iya sukar hannun mai koyo, kuma ta nan ake ɗaukar ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a yankinmu, ko ƙwayar sida. Wanda ya tuna annobar sanƙarau ta 2015 a Yamai, ko kwalarar da ta addabi jahar Maraɗi a 2018 da 2021, ya san cewa lokacin da kowa ke gudu, masu farar riga ciki suke shiga.

Wani abin da ke karya zuciya shi ne yawa. Makarantu sun ƙaru fiye da yadda asibitoci suka ƙaru, har ta kai a wasu ɗakunan masu koyo sun fi marasa lafiya yawa. Wani zai yi wata guda bai taɓa sa wa kowa ruwa a jijiya ba, aikinsa aike da shara. Ma'aikatan da ya kamata su koya masa su ma a gajiye suke, sai tsawa a gaban jama'a idan ya yi kuskure. Dangin maras lafiya kuma, idan ransu ya ɓaci kan tsadar magani ko jinkiri, ƙaramin da suka gani kusa shi suke zagi. Duk wannan ba a biyan mai koyo ko dala, shi ne ma ke biyan kuɗin mota.

Ga ɗiya mace akwai ƙarin nauyi. Aikin dare wajibi ne, to amma idan ta dawo gida da sassafe a bayan kabu-kabu, bakin unguwa ba ya tambayar daga wane asibiti take. Wasu kuma sukan haɗu da manya marasa tsoron Allah da ke neman lalata da su kafin su sa musu hannu a takardar sitaj. Yarinya ba za ta iya faɗa wa ubanta wannan ba. Abin da za ta iya faɗa kawai shi ne ta gaji.

Faransanci da lissafin magani

Mararraba ta uku a cikin aji take. Duk da dokar ƙasa ta watan Maris na 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, littattafan aikin lafiya da jarrabawarsa da Faransanci suke. Yaron da ya tsallake Bepese da ƙyar sai ya tarar da sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi da magunguna ɗaruruwa, waɗanda ko mai Faransanci a baka sai ya yi da gaske. Ga lissafin magani: yaro mai kilo kaza, digo nawa na ruwa a minti ɗaya, kashi nawa na kwalba za a ja a sirinji. A kasuwa idan ka yi kuskuren canji, gobe ka gyara. A nan kuskure rai yake ci, kuma malamai ba sa ɗaga ƙafa a kansa, da gaskiyarsu.

Wanda ya faɗi sai ya maimaita shekara, maimaitawa kuma sabon biya ne. A nan ne da yawa suke cewa gara a tsaya. Mu iyaye ma muna da namu laifi. Sau nawa muke tura yaro lakwal ɗin lafiya don ɗiyar maƙwabciya ta shiga, ko don muna son a samu mai yi mana allura a gida, ba tare da mun tambaye shi ko yana iya kallon rauni ba? Wani ƙwaƙwalwarsa ta ciniki ce, wani ta kanikanci. Idan aka sa shi a hanyar da ba tasa ba, zai bi don biyayya shekara ɗaya, a ta biyu ya tsaya.

Aure, da kiran kasuwa

Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar ana yi musu aure kafin su cika shekara 18. Ke nan yarinyar da ke aji na 2 a lakwal ɗin lafiya, a idon dangi ta riga ta makara. Ƙawayenta na goye da na biyu, gwaggo na tambaya kullum, manemi kuma yana cewa ba zai jira shekara 2 ba. Da yawa sukan yi alkawarin za ta ci gaba da karatu bayan biki, kuma akwai masu cikawa, Allah ya saka musu. To amma alkawarin da aka yi a zaure yakan gamu da aikin dare, da ciki, da uwar miji mai tambayar wace irin mata ce ke kwana a waje. Ciki na farko idan ya zo daidai da lokacin sitaj, shekarar takan tafi, kuma ba kowa ke iya komawa da jariri a baya ba.

Shi kuwa namiji kasuwa ke kiransa. Abokinsa da suka bar kwaleji tare ya buɗe shagon waya, ya sayi babur, yana maganar aure. Wani ya tafi Libiya ko Aljeriya, wani ya tafi haƙar zinariya, tun da aka gano ta Jado a 2014, ya dawo da abin da ya dawo da shi. Shi kuma yana nan yana roƙon uwarsa jikka ɗaya ta kabu-kabu. Ba a ba shi labarin waɗanda hamada ta cinye ko rami ya rufta da su, waɗanda suka dawo da mota kawai yake gani.

Yayyen da suka gama suna zaune

Mararraba ta ƙarshe, wadda muke ganin ta fi sauran ƙarfi, ita ce abin da mai koyo yake gani da idonsa a asibitin da yake sitaj. Cikin masu farar rigar da ke koya masa aiki, akwai waɗanda suka gama shekaru da suka wuce amma har yanzu aikin sa-kai suke ba albashi, suna jiran ranar da za a buɗe ɗaukar ma'aikata. Akwai ƴan kwantaragi, akwai masu bautar ƙasa da ba su san makomarsu ba idan wa'adi ya cika. Wanda ya samu aikin ma ana iya tura shi ƙauye mai nisa, babu wuta, babu ruwan famfo, shi kaɗai dare da rana, wani lokaci a yankunan da ƴan bindiga ke kai hari, kamar wasu sassan Diffa da Tillaberi da bakin iyakar Madarunfa da Gidan Rumji. Ɗan kasuwa ne ya haife shi, ya iya lissafi, sai ya tambayi kansa yaushe wannan jari zai dawo.

Abin takaici, ƙasar kuwa tana matuƙar bukatarsu. Tun a 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Nijar cikin ƙasashe 57 masu tsananin ƙarancin likitoci da ma'aikatan jinya da ungozomomi. Binciken 2012 ya ƙiyasta mata 535 ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100.000, kuma a lokacin mace ɗaya tana haihuwar yara 7,6 a tsaka-tsaki, adadin da ya sauko zuwa 6,2 a binciken 2021. A zamanin shugaba Tanja Mamadu an gina ƙananan gidajen likita a ƙauyuka da dama, an kuma mai da fiɗar haihuwa kyauta a 2005, da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 a 2006. Jama'a sun ƙaru a bakin asibiti, amma gini ba ya yin allura. Kowace yarinyar da ta ajiye karatun ungozoma, wata mata ce a wani ƙauye za ta yi naƙuda ba mai duba ta.

Akwai kuma haɗarin da ba a cika magana a kai ba. Wanda ya bar karatu a tsakiya ya riga ya iya riƙe sirinji, amma bai gama sanin yaushe ne bai kamata a yi allura ba. Unguwa kuma ta riga ta sa masa suna likita. Sai ka gan shi yana bi gida-gida yana sa ruwa, ko ya kasa magunguna a faranti cikin rana. Mu ƴan kasuwa mun fi kowa sanin irin waɗannan, domin kusa da rumfunanmu suke.

Abin da ke hannunmu

Ɗaukar ma'aikata da sa ido kan makarantu aikin hukuma ne, kuma muna kira gare ta da ta daidaita yawan waɗanda ake horarwa da guraben sitaj da na aiki. Amma akwai abin da ke hannun iyaye. Ba a fafe gora ranar tafiya: kafin rajista a zauna a lissafa shekara 3 gaba ɗaya, har da kuɗin mota da na maimaitawa idan ta kama, kamar yadda ake lissafa kuɗin kaya da na dako da na duwan kafin a yi sari. A tambayi makarantar takardar izininta ta gwamnati, a tambayi ɗalibanta nawa suka ci jarrabawar ƙasa bara, da asibitin da take tura su sitaj. Mai adashi ta nemi kwasarta ta faɗo daidai watan biya. Idan kasuwa ta tsaya, uba ya je da ƙafarsa wajen hukumar makaranta kafin ranar jarrabawa ya nemi a ɗaga masa, kada a bar yaro shi kaɗai da kunyar bashi.

Kafin sitaj na farko a tabbatar an yi wa yaro rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura 3 ce. A kuma gaya masa idan allura ta soke shi kada ya ɓoye, ya faɗa wa manjo nan take, domin maganin kariya daga sida cikin awa 72 na farko yake aiki, kuma gara a fara shi tun a awannin farko. Idan maganar aure ta taso, a yi sharaɗin karatu a gaban waliyyai da shaidu, a ambaci aikin dare da sunansa, uwar miji ma ta ji da kunnenta. Idan ciki ko rashin lafiya ya tilasta tsayawa, a nemi makaranta ta dakatar da shekarar a rubuce, kada a ɓace haka kawai. Wanda kuma aka tabbatar aikin ba nasa ba ne, gara a sauya masa hanya tun a shekarar farko, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ita maƙwabciyar tamu, bayan kwana 3 tana faɗa, wata tsohuwar ungozoma da ke sayen kayan miya a wajenta ta ba ta shawara ta bar lissafin kuɗi, ta tambayi yarinyar me ya faru. Ashe abu biyu ne suka haɗu. An karanta sunanta cikin waɗanda ba su cika kuɗi ba, kuma a makon ne wani jariri ya cika a hannunta cikin dare, ta kwana 10 tana ganin laifinta ne. Tsohuwar ta zauna da ita ta bayyana mata cewa jaririn an kawo shi a makare, ko babban likita ba zai iya tsai da shi ba. Matan adashin layinsu kuma suka yarda uwar ta kwashi na wannan wata maimakon na bayan salla.

Yarinyar ta ciro rigarta daga ƙarƙashin katifa, ta koma. Saura mata shekara ɗaya da jarrabawar ƙasa, kuma kashi na gaba na kuɗin yana nan tafe. Uwar dai yanzu idan ɗiyar ta dawo daga asibiti, kafin ta tambaye ta canjin kabu-kabu, sai ta fara tambayarta yau me ta gani. Allah ya ba ɗiyanmu juriya, ya sa wa kasuwanninmu albarka, amin.